Taswirar zafi: yadda ake mayar da alƙaluma launi a shafin intanet

Daga kasuwar dabino ta Utaiqa a birnin Riyadh zuwa lungunan birnin Kano, masu haɗa manhajojin intanet na amfani da launi wajen nuna inda abu ya yi yawa da inda ya yi ƙaranci. Sai dai launin da ke faɗakarwa yana iya yaudara, yana kuma iya tona asiri.

Wannan shi ne shirinmu na Kimiyya da Fasaha, shirin da kan duba sabbin dabarun zamani da yadda suke shafar rayuwarmu ta yau da kullum. A yau shirin zai ya da zango ne a unguwar Utaiqa da ke kudancin birnin Riyadh na ƙasar Saudiyya, inda za mu ɗauki babbar kasuwar nan ta dabino da kayan lambu a matsayin misali, domin mu ga yadda mai haɗa manhajar intanet ke saka abin da ake kira taswirar zafi a cikin aikinsa. Sai a gyara zama.

Watakila mai sauraro ya taɓa ganin irin wannan taswira ba tare da ya san sunanta ba, musamman in ma'abocin kallon ƙwallon ƙafa ne. Bayan an tashi daga wasa sai ka ga an nuno hoton fili, an shafa masa launi, wani wurin ja wur, wani wurin rawaya, wani kuma babu komai. Wurin da ya yi ja shi ne inda ɗan wasa ya fi zama ko ya fi taɓa ƙwallo. Ɗan wasan gefe kamar Ahmed Musa, wanda ya buga wa ƙungiyar Al-Nassr ta nan birnin Riyadh daga shekarar 2018 zuwa 2020, za ka tarar jan nasa ya taru ne a gefen fili, shi kuwa mai tsaron gida nasa ba ya wuce bakin raga. Ba sai an karanta maka alƙaluma ba, da kallo ɗaya ka fahimci labarin minti 90.

To wannan ita ce taswirar zafi. Kada sunan ya ruɗe ka, ba zafin rana ake nufi ba, ko da yake masu hasashen yanayi ma suna amfani da ita. Aro aka yi daga yadda idon ɗan Adam ya saba: ja na wuta ne, shuɗi na ruwa ne. Saboda haka sai a ba adadi mai yawa launi mai zafi, adadi kaɗan kuma launi mai sanyi.

Dabarar dai ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1873 wani masanin ƙididdiga na ƙasar Faransa mai suna Toussaint Loua ya zana wani jadawali a kan gundumomi 20 na birnin Paris, inda ya shafa wa kowane gida na jadawalin launi gwargwadon yawan abin da ya ƙidaya, kamar sana'o'in mazauna da shekarunsu da asalinsu. Kafin shi ma, a shekarar 1854, cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta hallaka mutane fiye da 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tattara bayanin waɗanda suka rasu, ya gano cewa mace-macen sun taru ne kewaye da wani famfon tuƙa-tuƙa a titin Broad Street. Hukumomin unguwar suka cire hannun famfon. A taswirar da ya buga daga baya, kowane mamaci ɗan baƙin layi ne a ƙofar gidansa. Ba launi ya yi amfani da shi ba, amma tunanin ɗaya ne: ka ɗora alƙaluma a kan wuri, ido ya yi sauran aikin. Shi kuwa sunan na Turanci, wani mai haɗa manhaja Ba'amurke, Cormac Kinney, shi ya yi masa rajista a farkon shekarun 1990, lokacin da ya ƙirƙiro wa 'yan kasuwar hannun jari allon da ke nuna hawa da saukar farashi da launi.

Yanzu bari mu koma Utaiqa. Duk wanda ya san Riyadh ya san wannan kasuwa, inda ake sauke dabino iri-iri, Sukkari daga yankin Ƙasim, Khalas daga Al-Ahsa, Ajwa daga Madina, ga kuma kayan lambu da na marmari. Mu ƙaddara akwai wani ɗan kasuwa a can da ke da shafin intanet, mutane na yin oda, yaransa na kai musu har gida. Mu ƙaddara kuma ya ɗauki wani matashi mai ilimin kwamfuta, ya ce masa: ina da motoci uku da yara shida, azumi ya ƙarato, ina so in san lokacin da oda ta fi yawa da kuma unguwannin da aka fi saye, don in san inda zan tura kowa. A cikin kwamfutar akwai layi dubbai na bayanan ciniki, waɗanda babu mai haƙurin karanta su. Idan matashin nan ya yi aikinsa daidai, maigidansa ya ci riba. Idan ya kuskure, mota ta tafi inda babu mai saye, mai saye kuma ya yi buɗa-baki babu dabino.

Mataki na farko shi ne sanin tambayar da ake son amsawa, domin taswirar zafi iri biyu ce. Tambayar maigidan ta farko ta lokaci ce, kuma amsarta jadawali ne mai kama da gidan dara. Ranakun mako bakwai a tsaye, sa'o'i 24 a kwance, gidaje 168 ke nan. Kowane gida na ɗauke da adadin odar da ta shigo a wannan rana a wannan sa'a, sai a shafa masa launi. Tambaya ta biyu kuwa ta wuri ce, amsarta kuma taswirar gari ce wadda aka zuba wa launi a bisanta kamar hazo. Kayan aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya fara rubuta umarnin kwamfuta kafin ya tantance wannan, to ya yi gudun gara ne ya tadda zago, sai ya warware ya sake.

Mataki na biyu shi ne tankaɗe da rairayar bayanai, kuma a nan ne mafi yawan lokaci ke tafiya. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu da na'urar GPS ke bayarwa: ɗaya na nuna nisansa arewa ko kudu, ɗaya kuma gabas ko yamma. Riyadh tana wajajen digiri 24.6 arewa da 46.7 gabas. Matsalar ita ce wasu kayan aikin na son lambar arewa a farko, wasu kuma ta gabas. Alal misali tsarin ajiye bayanan taswira na GeoJSON yana fara wa da ta gabas, shi kuwa Leaflet, wanda za mu zo kansa, da ta arewa yake fara wa. Idan matashinmu ya juya lambobin, sai ya buɗe taswira ya tarar da masu sayen dabinon maigidansa duk sun koma tsakiyar ƙasar Romaniya. Kai kuma da ke Kano, inda lambobin suke wajajen 12 arewa da 8.5 gabas, idan ka juya su za ka tsinci kanka a wajajen Ganye ta jihar Adamawa, kuma wannan ya fi haɗari, saboda ba ka bar Najeriya ba, kana iya daɗewa ba ka lura ba. Akwai kuma odar da ta shigo babu lambar wuri, kwamfuta ta cike gurbin da sifiri da sifiri. Wannan wuri yana cikin tekun Atlantika ne kudu da ƙasar Ghana, kuma masu zana taswira sun saba ganin jan tabo a can inda babu kowa sai kifi.

Shi ma lokaci yana da nasa tarkon. Babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan shafi, wadda ake wa laƙabi da uwar garke, yawanci da agogon GMT take aiki. Saudiyya na gaban GMT da sa'o'i uku, Najeriya da Nijar kuma da sa'a ɗaya. Idan ba a mayar da lokacin zuwa agogon gari ba, cinikin ƙarfe biyar na yamma zai fito a gidan ƙarfe biyu na rana, maigida ya tara yaransa da rana tsaka suna zaman jiran tsammani, la'asar ta yi kowa ya watse. Ban da haka, tun shekarar 2013 hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, ana fara aiki ran Lahadi, alhali kayan zane da yawa da aka rubuta a Turai daga Litinin suke fara mako. Dole a gyara musu. Sannan watan Ramadan na matsowa da kwanaki kusan 11 a kowace shekarar Miladiyya, kuma a cikinsa hada-hada kan koma dare. Wanda ya cakuɗa cinikin azumi da na sauran watanni a jadawali ɗaya, zai sami hoton da bai yi kama da kowane wata ba. Gara a ba mai kallo damar zaɓen kwanakin da yake son gani.

Mataki na uku shi ne a yi lissafin tun a uwar garke. Kuskuren da sababbin hannu kan yi shi ne su turo duk bayanan, layi dubu ɗari ko fiye, zuwa wayar mai kallo, su bar ta da ƙidaya. Wayar ta yi zafi, data ta ƙare, shafin ya ƙi buɗewa. Abin da ya dace shi ne uwar garke ta ƙidaya, ta turo sakamako kawai. Na jadawalin lokaci lambobi 168 ne rak. Na taswirar gari kuma sai a yanka garin gida-gida, a ƙidaya odar kowane gida, a turo lambar tsakiyarsa da adadinsa.

To sai mataki na huɗu, wato zaɓen kayan aiki. Ba sai mutum ya ƙera komai da kansa ba, akwai ɓangarorin da wasu suka riga suka rubuta da harshen JavaScript, aikinka shi ne ka ɗauko ka dasa a shafinka, kamar yadda magini ke sayo taga ya kafa a bango. Domin jadawali akwai D3, wanda Mike Bostock da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 2011, mai ba ka ikon sarrafa komai amma mai wuyar koyo. Akwai ECharts, wanda ya samo asali daga kamfanin Baidu na ƙasar Sin, yanzu kuma yake ƙarƙashin gidauniyar Apache, akwai kuma Plotly. Waɗannan biyun sun zo da taswirar zafi a shirye. Domin taswirar gari kuwa akwai Leaflet, wanda wani ɗan ƙasar Yukren, Vladimir Agafonkin, ya fitar a 2011, tare da ɗan ƙarin da shi dai ya rubuta masa mai suna Leaflet.heat. Hoton titunan da za a shimfiɗa a ƙasa ana iya samunsa daga OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke ginawa tun 2004, bisa sharaɗin a rubuta sunansu a gefen taswirar. Abin lura a nan shi ne a binciki lasisi, domin wasu kayan kamar Highcharts sai an biya in kasuwanci za a yi da su. A kuma duba ko masu kayan na ci gaba da kula da shi. A watan Mayun 2025 kamfanin Google ya sanar da janye tallafi daga ɓangaren taswirar zafi da ke cikin kayan aikinsa na Google Maps, abin da ya tilasta wa waɗanda suka dogara da shi neman wata mafita.

Dasawar ita kanta ba ta da tsawo. Ka ware gurbi a shafin, ka ba shi faɗi da tsayi, domin in ka manta tsayin taswirar ba za ta fito ba ko kaɗan, kuma mutane da yawa sun kwana suna neman kuskure a wani wuri alhali ga shi a nan. Ka kira kayan aikin, ka umarci shafin ya nemo alƙaluma daga uwar garke, ka miƙa masa su. Ka tanadi abin da mai kallo zai gani yayin da yake jira, da abin da zai gani in layi ya yanke ko babu bayanai. Idan ya sauya kwanan wata, a sabunta alƙaluman kawai, kada a sake gina taswirar daga tushe. Idan ya bar shafin, a share ta daga ƙwaƙwalwar na'ura.

Watakila mai sauraro ya tambaya, shin yaya kwamfuta ke yin wannan hazo mai launi? Abin da sauƙin fahimta. Ka ɗauki farin ƙyalle, ka riƙa ɗiga masa ruwan shuni mai tsarki-tsarki. Ɗigo ɗaya da ƙyar za a gan shi, amma inda ɗigo goma suka hau kan juna wurin zai yi duhu. Haka Leaflet.heat ke yi. A kan kowane wuri yana zana ɗan da'ira mai ruwan toka, tsakiyarta da kauri, gefenta na dishewa. Inda da'irori suka haɗu kaurin ya ƙaru. Daga nan sai ya bi allon ɗigo-ɗigo, ya auna kaurin kowane ɗigo a ma'auni mai hawa 256, daga sifiri zuwa 255, ya musanya shi da launin da ke daidai da wannan hawa, daga shuɗi zuwa kore, zuwa rawaya, har zuwa ja. In ba ka sauya ba, nisan tsakiyar da'irar zuwa gefenta ɗigo 25 ne na allo. Riƙe wannan, domin ɗigon allo ba mita ba ne a ƙasa. In ka matso da taswirar, da'irar ta rufe layi ɗaya. In ka ja ta baya, ta rufe unguwanni. Shi ya sa taswira ɗaya kan sauya kama a hannun mai kallo.

Mataki na biyar shi ne zaɓen launi, kuma ba maganar ado ba ce. Akwai mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai. A tsakanin mazajen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan mutum ɗaya cikin 12 ne ke da wannan larura, kuma ana samunta a ko'ina cikin duniya, galibi ga maza. Idan ka ce ja na nufin yawa, kore na nufin ƙaranci, ka bar waɗannan bayin Allah a duhu. Su ma launukan bakan gizo suna da illa, domin rawayar da ke tsakiya ta fi sauran haske, sai ido ya ɗauka nan ne ƙololuwa. Saboda haka ne a shekarar 2015 wasu masana biyu, Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith, suka gabatar da jerin launi mai suna Viridis, wanda ke tashi daga shunayya mai duhu, ya bi ta kore, ya ƙare a rawaya mai haske, haskensa na ƙaruwa daki-daki, ta yadda ko an buga shi a takarda baƙi da fari ana gane shi. Hanya mafi sauƙi ma ita ce launi ɗaya, daga mai haske zuwa mai duhu. Kowanne ka zaɓa, ka sa ɗan ma'auni a gefe mai bayyana adadin da kowane launi ke wakilta, kuma ka bari in mutum ya taɓa gida ya ga ainihin lambar. Kada kuma ka ba gidan da babu bayaninsa launi ɗaya da gidan da aka ƙidaya aka sami sifiri. Rashin sani daban, babu daban.

To amma jama'a, ko an bi duk waɗannan matakai, taswirar zafi na iya yaudara. Yaudara ta farko ita ce ta yawan jama'a. Matashinmu zai ga unguwa mai cunkoso ta yi ja, ya ce nan ne aka fi son dabinon maigida. Alhali kuwa mutane ne kawai suka fi yawa a can. Mu ce unguwa mai gidaje dubu goma ta yi oda 200, wata mai gidaje dubu ɗaya ta yi 100. A taswira ta farko ce ja, amma a ta farkon gida biyu ne cikin ɗari suka saya, a ta biyun kuwa gida goma cikin ɗari. Idan tambayar ita ce ina zan tura mota, adadin kai tsaye ya isa. Idan kuwa tambayar ita ce ina aka fi karɓar kayana, sai an raba da yawan gidaje. Yaudara ta biyu ita ce ta babban mai saye guda. Wani masallaci ya yi odar kwali 500 don buɗa-baki, sai gidansa ya kwashe jan gaba ɗaya, sauran gari ya koma shuɗi, bambancin oda biyar da hamsin ya ɓace. Maganinsa a sa iyaka ga ma'aunin, a ce duk abin da ya haura kaza ja ne, a kuma rubuta hakan a fili.

Yanzu kuma sai batun da ya fi kowanne nauyi, wato sirrin jama'a. A watan Nuwamban 2017 kamfanin Strava, mai manhajar da masu gudu da masu hawan keke ke amfani da ita wajen auna motsa jiki, ya fitar da taswirar zafi ta duniya baki ɗaya, wadda ya haɗa daga motsa jiki har biliyan ɗaya. Babu sunan kowa a kai. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan ƙasar Ostareliya mai shekaru 20, Nathan Ruser, ya lura da wasu zare-zaren haske a tsakiyar wuraren da suke duhu a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan. Ashe sojoji ne ke gudun safe a cikin sansanoninsu, taswirar ta zana iyakar sansanin da hanyoyin da suke bi. Sai da ma'aikatar tsaron Amurka ta sake duba dokokinta kan irin waɗannan na'urori. Darasin shi ne cire suna bai isa ba. A tsakiyar gari mutum ɗaya na ɓacewa cikin dubbai, amma a bayan gari tabo ɗaya gida ɗaya ne, kuma kowa ya san mai gidan. Don haka matashinmu ya kamata ya rage ƙwaƙƙwafin lambobin. Digiri ɗaya na arewa kimanin kilomita 111 ne. Lamba biyar bayan ɗigo na nuna wuri da kusancin mita ɗaya, wato ƙofar gida. Lamba uku na nuna kimanin mita 100, lamba biyu kuma kimanin kilomita ɗaya. Ya kuma ɓoye duk gidan da odarsa ba ta kai wani adadi ba, ya tabbatar ba kowa ke iya buɗe shafin ba. Doka ma ta shigo ciki: dokar kare bayanan jama'a ta Saudiyya ta fara aiki a watan Satumban 2023, ita ma Najeriya ta sami tata a watan Yunin 2023.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan abu na manyan birane ne na ƙetare. A arewacin Najeriya an yi amfani da dabara mai kama da wannan wajen yaƙi da cutar shan inna. A shekarar 2013 da waɗanda suka biyo baya, an riƙa ba ayarin masu allurar rigakafi wayoyi masu GPS, waɗanda ke rubuta inda suke lokaci-lokaci yayin da suke zagaye. Da yamma a karɓi wayoyin a kwashe bayanan, a ɗora su kan taswirar garuruwa da ƙauyukan da aka zana daga hotunan tauraron ɗan Adam. Ƙungiyar eHealth Africa da ke da ofishi a Kano na cikin waɗanda suka gudanar da aikin, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. A wannan taswira ba wurin da ya cika da sawu ake nema ba, wurin da babu sawun kowa ake nema: rugar da ba a je ba, lungun da aka tsallake. Sai a mayar da ayari can kafin a rufe zagayen. Ita ma tana da iyakarta, domin waya na shaida cewa an shiga layi ne, ba ta shaida cewa an ɗiga wa yaro magani ba. Amma tare da ƙoƙarin ma'aikatan lafiya da sarakuna da malamai, an kai ga ranar 25 ga watan Agustan 2020, lokacin da aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Kada ka tsaya ga babbar kwamfutarka ta ofis. Ka buɗe shafin a ƙaramar waya mai arha, a wurin da sabis ke da rauni, kuma a cikin rana, domin launin da ya yi kyau a ɗaki kan dishe a hasken tsakar kasuwa. Idan shafin na Larabci ne, wanda ake karantawa daga dama zuwa hagu, ka duba ko sa'o'in da sunayen ranakun sun zauna daidai. Ka ɗauki gida biyu ko uku ka ƙidaya odarsu da hannu, ka gwada da abin da launi ya nuna. Daga nan sai ka miƙa wa maigida wayar ba tare da ka yi masa bayani ba, ka tambaye shi me ya gani. In ya ce yammacin Alhamis ne aiki ya fi yawa, kuma yaran shago suka ce haka suke gani, to aiki ya yi. In kuwa taswira ta faɗi abin da ya saɓa wa wanda ya shekara ashirin a kasuwa, kada ka yi saurin cewa shi ne bai sani ba. Koma ka duba agogo, ka duba lambobin wuri, ka duba ma'aunin launi tukuna.

To jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na wannan mako. Ɗalibanmu masu koyon kwamfuta a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, kuna iya gwada wannan da abin da ke kusa da ku, kamar littafin cinikin shagon gidanku ko lokutan da ake kawo wuta a unguwarku, ku zana gidajen nan 168 ko da a takarda ne da alƙalami mai launi. Muna maraba da wasiƙunku da tambayoyinku kamar kullum.